Kurakuran da muke yi a kan dokar kamun kifin teku, mu mutanen Damagaram

Duk lokacin da kuɗin katan ɗin kifi ya tashi a kasuwar Dole sai ka ji kowa da nasa bayani, wani ya ce kuɗin kamiyo ne, wani ya ce tunda aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suke zagayowa ta Lome, wani ya ce masu firigo ne suka haɗa baki. Akwai gaskiya a wasu daga ciki, amma da wuya ka ji wanda ya kai maganar can bakin teku inda ake kamo kifin, alhali can ne ake yanke yawan da za a kama, da girman da za a kama, da wanda zai kama. To kurakuran da muke yi a wannan fanni suna da yawa, kuma mafi yawansu gyaransu ba wuya.

Babban kuskure shi ne mutum ya ɗauka teku fili ne na Allah wanda ba mai shi, duk mai jirgi ya shiga ya ɗiba. Ba haka ba ne tun 1982 da aka sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku a Jamaika, wadda ta fara aiki a 1994. Daga gaɓa zuwa mil 12 na teku ruwan ƙasar da ke bakin wurin ne kai tsaye, daga nan har mil 200, wajen kilomita 370 ke nan, kifin da ke ciki ikonta ne, ita ke ba da permi, ita ke cewa kaza za a kama. Sai bayan mil 200 ɗin ne ake shiga ruwan da ba na kowa ba, kuma can ma akwai ƙungiyoyin ƙasashe da ke raba kaso. Saboda haka in ka ji an ce an kama jirgi yana satar kifi, tambayar farko ita ce a wane ruwa aka same shi, don hukuncin ya danganta da wurin.

Ƙanin wannan kuskure shi ne cewa wai kifin teku ba ya ƙarewa. Wallahi yana ƙarewa. Mutanen Kanada sun yi ɗaruruwan shekaru suna kamun wani kifi da ake ce wa kod a gabashin ƙasarsu, har a 1992 gwamnati ta rufe kamun don kifin ya kusa ƙarewa ƙaf, mutum wajen dubu 30 suka rasa sana'a lokaci guda, kuma an yi shekara sama da talatin kifin bai koma yadda yake ba. Hukumar abinci ta duniya FAO ta ce a 1974 kashi 10 cikin ɗari na garkunan kifin teku ne ake kama wa fiye da ƙima, a 2021 abin ya kai kashi 37.7.

Sai masu cewa mu ina ruwanmu, Nijar ba ta da teku. Ni wannan maganar tana ba ni haushi, don shinshar da makaro da sardin ɗin da ake soyawa a bakin titi daga Birni har Zango ba a tafkin Gidimuni aka kamo su ba. Kuma ita yarjejeniyar 1982 ɗin ba ta manta da irinmu ba, sashe na 69 ya ba ƙasashen da ba su da teku haƙƙin samun rabo cikin rarar kifin ƙasashen yankinsu ta hanyar yarjejeniya tsakaninsu, sashe na 125 kuma ya ba su haƙƙin wucewa da kaya zuwa teku da dawowa. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2013. Amma a lura, rara aka ce, in ƙasar bakin teku ta bari an kwashe kifinta har ba rara to haƙƙin namu ya tsaya a takarda.

Inda masu ilimi ma suke zamewa shi ne wajen ƙungiyoyin nan na yanki, ana jin sunayensu a rediyo sai a ɗauka duk ƙarfinsu ɗaya. Akwai CICTA, wadda masu Turancin Ingila ke ce wa ICCAT, ofishinta na Madrid, yarjejeniyarta ta 1966 ce, ita aikinta kifin ton, wato tuna, da danginsa a tekun Atlantika, kuma in ta yanke kaso ya zama wajibi a kan ƙasashen da ke cikinta. Akwai CSRP a Dakar tun 1985, ƙasashe bakwai, Muritaniya, Senegal, Gambiya, Gine, Gine Bisau, Saliyo da Kap Ber. Akwai CPCO a Tema ta ƙasar Gana tun 2007, ƙasashe shida, Laberiya, Kodebuwa, Gana, Togo, Benin da Najeriya. Waɗannan biyun aikinsu haɗa kai ne, daidaita dokoki, musayar labarin jirage, sintiri tare, ba su ke raba wa ƙasashe yawan kifin da za su kama ba. Sannan ga COPACE ta FAO tun 1967, masana ne ke zama su auna kifin su ce a rage, amma shawara ce kawai, ƙasa ta ga dama ta bi ta ga dama ta ƙi.

To ka duba abin da wannan ke nufi. Kifin ton mai tsada da ake kai wa Turai da Japan yana da hukuma mai haƙori, amma ƙananan kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci, sardinela da Senegal ke ce wa yaboy, da shinshar, ba su da wata hukumar yanki da za ta ce ga kason kowa dole. Kuma kifin nan ba zaune yake wuri ɗaya ba, kamar shanun makiyaya ne masu bin ciyawa daga Nijar su gangara Najeriya su dawo, shi ma yana bin yanayin ruwa tsakanin Maroko, Muritaniya, Senegal da Gambiya. In Senegal ta rage kamu, Muritaniya ba ta rage ba, garke ɗaya ne ake ci ta baki biyu. Ga kuma masana'antun garin kifi da suka cika Nuwadibu, garin bakin teku a Muritaniya, da wasu a Senegal da Gambiya, suna niƙa kifin da mutum zai ci a mayar da shi abincin kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya, kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Gyaran wannan kuskure shi ne duk lokacin da ka ji an ce ƙungiya kaza ta yanke shawara, ka tambaya, wajibi ce ko shawara, kuma a kan wane kifi.

Wani kuskuren, a ce ai jirgin yana da permi saboda haka halal yake ci. Permi ba ya wanke komai. Jirgi yana iya samun takarda amma ya shiga ruwan kusa da gaɓa da aka ware wa masu kwalekwale, ko ya sa taru mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, ko ya kashe na'urar da ke nuna inda yake, ko ya juye kifi cikin wani jirgi a tsakiyar ruwa don kada a ƙirga. A Gana akwai abin da suke kira saiko, manyan jirage su kama ƙananan kifin da ba a ba su izini ba su daskarar da shi su sayar wa kwalekwale a kan ruwa. Haka kuma tutar da ke kan jirgi ba ita ke nuna mai shi ba, sau da yawa tuta ta ƙasar Afirka ce, kuɗin da riba na wani ne a waje. Shi ya sa aka yi yarjejeniyar binciken jirage a tasha a 2009, ta fara aiki a 2016, don a hana jirgin da ake zargi sauke kaya. Tarayyar Turai ma tana da nata kati, ta ba Gana katin gargaɗi a 2013 ta sake ba ta a 2021, Kamaru ta sha jan kati a 2023, Senegal ta samu na gargaɗi a 2024. Sai dai katin Turai ƙofar Turai yake rufewa, kifin da aka hana shiga can ba komawa ruwa yake ba, wata kasuwa yake nema.

Nan ne maganar ta zo kanku, Alhaji mai firigo da Hajiya mai suya. Yawancinmu kilo da farashi kawai muke dubawa a jikin katan, alhali katan ɗin kirki yana ɗauke da sunan kifin, ƙasar da ya fito, ranar da aka daskarar da shi, da lambar yankin da aka kama shi. In ka ga FAO 34 ruwan Afirka ta Yamma ne, daga Maroko zuwa bakin kogin Kongo. FAO 47 wajen Angola da Namibiya ne da Afirka ta Kudu, FAO 27 kuma arewa ce, wajen Norwe da Ingila. Trachurus shi ne shinshar, Scomber shi ne makaro wanda 'yan Najeriya ke ce wa titus. Katan ɗin da ba komai a jikinsa ko an kankare rubutun, kuma kifin ciki ƙanana ne gauraye iri-iri, dan Allah a yi hattara da shi ko da araha, don wanda ya ɓoye inda kifin ya fito ba zai gaya maka sau nawa ya narke aka sake daskarar da shi a hanya ba. Ka riƙa tambayar dilanka takardar kaya da ta lafiya, in ya saba da kai mai tambaya ne zai daina turo maka tarkace.

Haka rufe kamu na wani lokaci, mutane suna ɗauka zalunci ne ko dabarar tada farashi. Gana tana hana manyan jirage fita a watannin Yuli da Agusta don lokacin da kifi ke zuba ƙwai ne, Muritaniya ma tana da lokacin hutun ruwa. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, sarkin ruwa tun kaka da kakanni yana hana su a wani lokaci ya buɗe a wani. Ɗan kasuwa mai wayo sanin lokacin zai yi ya tsara sarinsa.

Kuma kada mu zagi manyan jirage mu dawo gida muna yin irin nasu. Mai jan gidan sauro a tafkin Lassuri ko Gidimuni yana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da ba su kai yatsa ba, laifinsa iri ɗaya ne da na mai ƙaramin idon taru a teku, girman ɓarnar ne ya bambanta. Tafkin Chadi da bandarsa ke zo mana ta Difa shi ma ruwan tarayya ne, yana da hukumarsa tun 1964 da Nijar, Najeriya, Chadi da Kamaru suka kafa a Njamena. Masunci ya je wajen ma'aikatan gandun daji ya yanki perminsa, ya tambayi girman idon kalli da doka ta yarda da shi kafin ya kashe kuɗi ya saya, kuma in tafkin garinsu na da lokacin rufewa ya bari sai an buɗe.