In koyarwa ta kai ka Japan, ga yadda za ka zauna da su lafiya

Duk wanda aikin koyarwa ya kai shi Japan, ko ta shirin JET na ɗauko baƙi su koyar da harsunan waje, wanda gwamnatinsu ta fara tun 1987, ko ta wani kamfani, shawarata ita ce ya yi makon farko baki a rufe ido a buɗe. A watan Afrilu suke fara shekarar karatu, in ka iso a tsakiya to ka tarar kowa ya san wurinsa, kai ne za ka koya.

Fara da takalmi. A bakin ƙofar makaranta akwai akwatunan ajiye takalma, ka cire na waje ka sa na ciki, uwabaki suke ce masa. Ka je da naka, kuma ka duba safarka kafin ka fito.

Wajen duba takardun yara kuwa dan Allah ka kula sosai. Ni ranar da na fara, duk amsar da ta yi daidai sai na yi mata tik da jan biro, ina raba takardu sai na ga wata yarinya ta ƙura wa tata ido hawaye ya cika mata ido, alhali ita ce ta cinye duka. Ashe su da'ira suke zagaya wa amsar da ta yi daidai, maru, tik ɗin nan kuwa a wurinsu alamar kuskure ce. Wallahi har yau in na tuna fuskar yarinyar nan sai raina ya sosu, don haka kafin ka taɓa takardar kowa ka roƙi wani malami ya nuna maka wadda ya riga ya duba.

Sai maganar shiru. Za ka yi tambaya aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su, kar ka ɗauka raini ne ko ba su gane ba, yawancinsu tsoron yin kuskure a gaban 'yan ajinsu suke yi. Ka ba su minti biyu kowa ya tattauna da na kusa da shi sannan ka kira suna, za ka sha mamakin amsoshin da za su fito. Manyan ma haka suke, in ka kawo shawara abokin aiki ya ja numfashi ya ce “chotto muzukashii”, wato da ɗan wuya, to a'a ya ce maka cikin ladabi, kar ka matsa, ka bari sai kun keɓe ka tambaye shi dalili.

Yara ne ke share makarantarsu da kansu, wajen minti 15 a rana. Kar ka zauna a ofis, ɗauki tsintsiya ka shiga cikinsu, a nan yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba zai fara yi maka hira.

Abincin rana a firamare tare ake ci a cikin aji, kuma naman alade yana yawan shiga ciki, to tun ranar farko ka gaya wa mataimakin shugaban makaranta abin da ba ka ci, ka riƙa zuwa da naka. Walimar malamai ma, enkai, ka je, ka nemi shayi ko lemo, ba dole sai ka sha giya ba.

Ka iso minti goma kafin taron safe na malamai. In za ka tashi ka bar wasu suna aiki ka ce “osaki ni shitsurei shimasu”, neman afuwa ne don ka riga su tafiya. In kuma ka yi tafiya lokacin hutu kar ka dawo hannu rabbana, ka sayo tsaraba irin wadda aka naɗe ɗai-ɗai a kwali, ka ƙirga malaman ofis tukuna don ta ishi kowa, ka bi tebur-tebur ka ajiye.