Yadda Ake Neman Takardun Shari'ar Laifi a Kotun Gundumar Karkara a Amurka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Amurka ba sa tuna wata tsohuwar rigima da 'yan sanda sai ranar da suka zauna cike fom ɗin neman katin zama na dindindin, I-485, ko na zama ɗan ƙasa, N-400. Fom ɗin yana tambaya ko an taɓa kama mutum, ko tsare shi, ko tuhumarsa da wani laifi, kuma hukumar shige da fice ta USCIS ba ta wadatuwa da bayanin baki a kan yadda maganar ta ƙare. Takardar kotu mai hatimi take buƙata, ko da an kori ƙarar, ko da an ce an goge ta. Abin da ke ba sababbin zuwa wahala shi ne, sau da yawa abin bai faru a birnin da suke zaune ba. Direban tirela da aka tsayar a kan babbar hanya, ɗalibin da ya yi karatu a wani ƙaramin gari, ma'aikacin kamfanin sarrafa nama da ya tashi ya koma wata jiha, duk takardunsu suna can inda suka baro su.

Babu wani ofishi guda a Amurka da ya tara dukkan shari'o'in ƙasar. Mafi yawan shari'o'in laifi na kotunan jihohi ne, kuma fayil ɗin kowace shari'a yana hannun magatakardan kotun gundumar da abin ya faru. Gundumomin sun haura 3,000. Jihar Texas kaɗai tana da 254, Georgia tana da 159. Mutane kan ji labarin shafin PACER su ɗauka sun huta, alhali shari'o'in kotunan tarayya kawai ke cikinsa, don haka rashin ganin suna a can ba ya nufin mutum ba shi da shari'a a wata gunduma. Haka ma shafukan intanet na 'yan kasuwa masu karɓar kuɗi su binciko tarihin mutum: ba su da hatimin kotu, kuma sukan haɗa bayanan mutane biyu masu suna iri ɗaya.

Aikin farko shi ne gano gundumar. Idan tikitin da ɗan sanda ya bayar, ko takardar beli, ko rasidin tara yana nan, sunan kotu da lambar shari'a suna jiki. Idan duk sun ɓace, kuma an ɗauki zanen yatsun mutum lokacin kamun, zai iya neman tarihinsa daga hukumar FBI a kan dala 18, inda zai ga ranar kamu da ofishin da ya yi kamun. Sai dai wannan takarda jagora ce kawai, domin sau da yawa tana nuna kamu ba tare da nuna hukuncin da ya biyo baya ba, kuma ba ta maye gurbin ta kotu.

Bayan gunduma sai a gano kotun, domin a gunduma ɗaya akan sami kotuna hawa-hawa. A Texas, manyan laifuka suna hannun magatakardan kotun yanki, matsakaita suna hannun magatakardan gunduma, ƙananan da tara kawai ake yi a kansu kuma suna kotun gari ko ta ƙaramin alƙali. A gundumomin da mutanensu ba su kai 8,000 ba, dokar jihar ta yarda mutum ɗaya ya riƙe ofisoshi biyun farko. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin wurin da za a yi hulɗa da shi: ofishi mai ma'aikata biyu ko uku a tsohon ginin kotu da ke tsakiyar hedikwatar gunduma, wanda kan rufe lokacin abincin rana, tsofaffin fayilolinsa kuma suna cikin kwalaye a ɗakin ajiya, ba a taɓa shigar da su kwamfuta ba. Saƙon imel yakan daɗe ba a duba ba. A ganina kiran waya da safe ya fi komai saurin biyan buƙata, kuma ma'aikatan irin waɗannan ofisoshi sukan taimaka matuƙa idan mutum ya yi magana a natse, ya riga ya tanadi bayanansa a gabansa.

Batun suna ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Magatakarda yana bincike ne da haruffan da ɗan sanda ya rubuta a bakin hanya. Wanda fasfonsa ya ce Muhammad yana iya kasancewa Mohammed ko Mohamed a fayil. Ɗan Nijar da ke rubuta Aboubacar yana iya komawa Abubakar. Sunan uba kuma yakan koma gurbin sunan yanka. Wasu ma an rubuta musu FNU a biza, alamar ba a san sunan farko ba, harufan kuma suka bi su har cikin lasisin tuƙi. Saboda haka a ba magatakarda kowace siga da sunan zai iya ɗauka, tare da lambar lasisin da aka riƙe a wancan lokaci. Ranar haihuwa ita ma a faɗe ta da sunan wata, domin Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana: 03/07 a wurinsu 7 ga Maris ne, ba 3 ga Yuli ba. Idan aka ce ba a ga komai ba a binciken farko, kada a yi saurin murna.

Abin da za a nema da bakinsu shi ne "certified disposition", wato takardar da ke nuna yadda shari'a ta ƙare, wadda magatakarda ya sa wa hannu ya buga hatimin kotu. A wasu kotunan hatimin na matsi ne, ana jin tudunsa idan aka shafa takardar da yatsa. A wasu kuma tawada ce. Yana da kyau a haɗa da takardar tuhuma, da hukuncin alƙali, da shaidar cewa an biya tara ko an kammala wa'adin sa ido. A tambayi kuɗin kowane shafi da na hatimi, da kuma yadda suke karɓa, domin ƙananan kotuna da yawa ba sa karɓar kati ta waya ko cakin mutum na banki. Abin da aka saba shi ne a sayi takardar kuɗi da ake kira "money order" a gidan waya, a rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar shari'a, a saka kwafin katin shaida, sannan a ninke wani ambulan mai adireshin mai nema da kan sarki a manne, a cusa a ciki don a dawo da amsa. A nemi kwafi biyu masu hatimi, ɗaya na aikawa, ɗaya na riƙewa ranar ganawa da jami'i.

Kafin a kama hanya zuwa kotun da ƙafa, akwai abin da ya wajaba a tabbatar. Wanda bai halarci zaman kotu ba a ranar da aka sa masa, ko bai gama biyan tara ba, mai yiwuwa alƙali ya ba da umarnin kama shi, kuma irin wannan umarni yakan zauna shekaru bai mutu ba. Mai irin wannan shakka ya sa lauya ya bincika masa tukuna. Kada kuma a raina abin da ya faru a kan hanya. Tarar tuƙi da ba ta kai dala 500 ba, wadda babu kamu ko giya ko ƙwaya a cikinta, ba a cika neman takardarta ba; amma a Virginia, wuce mil 85 a awa, ko ɗara ƙa'ida da mil 20, tuƙin ganganci ne, kuma laifi ne da ke shiga tarihin mutum.

Jinkiri yana da tasa illar. Kotuna suna da wa'adin ajiye fayil. Ƙananan kotunan Virginia, alal misali, sukan lalata yawancin fayilolin tuƙi da ƙananan laifuka bayan shekara 10. Idan fayil ya riga ya tafi, sai a roƙi magatakarda ya rubuta wasiƙa mai hatimi da ke tabbatar da cewa an bincika ba a samu ba, ko an lalata shi bisa doka. Idan kuma kamu aka yi amma ba a taɓa shigar da ƙara ba, kotu ba za ta sami komai ba. Takardar tana wurin ofishin mai gabatar da ƙara ko na 'yan sandan da suka yi kamun. Wanda yake shirin neman a goge masa shari'a ya karɓi kwafinsa masu hatimi kafin a goge, domin bayan an rufe fayil, buɗe shi yakan buƙaci sabon umarnin alƙali.

Magatakarda ba shi da hurumin ba da shawarar shari'a, don haka idan ya ce "an rufe maganar", iyakacin kotunsa yake nufi. Dokar shige da fice tana da nata ma'aunin: idan mutum ya amsa laifi a gaban alƙali aka ɗora masa wani horo ko sharaɗi, tana ɗaukar hakan a matsayin an same shi da laifi, ko da jihar ta kori ƙarar daga baya, kamar yadda ake yi a tsarin jinkirta hukunci na Texas. Muhimmancin wannan ne ya sa Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentucky, cewa wajibi ne lauya ya sanar da wanda ba ɗan ƙasa ba idan amsa laifi zai iya jawo masa kora daga ƙasar. Don haka da zarar takardun sun iso, a kai su wurin lauyan shige da fice, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, ya karanta kafin a aika da kowane fom, kuma kafin a yi tafiya zuwa gida da niyyar dawowa.