Warin maganin ƙwari a hawasha: inda muke kuskure

Wani lokacin sanyi ɗan yayata ya dawo daga hawasha, wato gonarmu ta ban ruwa, yana dafe da kai, yawu na taruwa masa a baki. Ba shi ya yi feshin ba, ciyawa kawai ya shiga cirewa a cikin albasar da aka fesa da safe. Baffanmu ya dube shi daga kan angarib, gadonsa na saƙar igiya, ya ce, "Kai dai raki gare ka, yaro. Mu da jirgi ya yi ta feshin auduga a kanmu, ko warin ba ma ji."

Gaskiya ne su Baffa sun sha wuya. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 Hausawa ke aikin auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, sun ga zamanin feshin maganin DDT da idonsu. Amma a nan babban kuskuren yake. Hanci ne ke sabawa da wari, jini ba ya sabawa. Magunguna irin su malatiyon da daimetowet suna danne wani sinadari da jijiyoyi ke aiki da shi, kuma feshin yau kan tarar da na jiya bai gama fita ba. Wani ɓangare na warin ma na man da aka narkar da maganin ne, kuma wani mai tsananin dafi ba ya wari sosai. Wanda kuwa wari kaɗan ke tayar masa da ciwon ɓarin kai ko asma, ba lalaci ba ne. A ba shi ban ruwa ko wani aiki nesa, kar ya shiga gonar sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Mai ciki da yara ko kusa kar su zo.

Sai naɗe hanci da gefen rawani. Ƙyallen yana jiƙewa da gumi da feshi, ka wuni kana shaƙa daga gare shi. Kuma ta fata maganin ya fi shiga, musamman wajen haɗawa, lokacin da yake da ƙarfinsa. Na sha ganin mutum ya rufe fuska ruf, yana dama magani da hannu tsirara! Safar hannu ta roba, takalmin roba, riga mai dogon hannu, sanda don damawa. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska na kwashe shi daga jikinka. Kayan a wanke su daban da na iyali.

Madara ba ta karya dafi, ko kofi goma aka sha. Sa mutum amai da gangan ya fi haɗari, don man maganin na iya faɗawa huhu. In ka ga gumi, dalalar yawu, amai, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, a tuɓe masa kaya, a wanke shi da ruwa da sabulu, a nufi asibiti da kwalbar a hannu. Da ita likita zai gane ko allurar atirofin ce ta dace.

Wannan ya sa ba na son maganin da ake aunawa a kwalbar lemo a kasuwa, ba suna ba takarda. Ta asali tana da zanen launi a ƙasa: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi, kore.

Jarkar da ta ƙare kuma ba ta ruwan sha ba ce, komai wankin da ta sha. A ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayen cikin famfon feshi, ba cikin tur'a ba, wato magudanar ruwan gona inda awaki ke sha, sannan a huda gindinta. Ragowar maganin a fitar da shi daga ƙarƙashin gado. Tamu a ƙarƙashin angarib ɗin Baffa muka same ta, murfin a sake.