Yadda za ka zaɓi katin naɗar shirin talabijin a kwamfuta

Kafin ka nufi shagunan Circle a Accra ko na Adum a Kumasi, juya dikodarka ka duba bayanta. Ramukan da ke wurin su ne za su nuna maka irin katin da ya dace da kai.

In eriya ce kawai gare ka, kana kallon GTV, TV3 da sauran tashoshin kyauta, nemi 'yar na'urar kama tasha mai shiga USB wadda aka rubuta DVB-T2 a jikinta. Ka kula da wannan 2 ɗin sosai, domin shi ne tsarin Ghana. Mai DVB-T zalla ba za ta kamo maka komai ba, haka nan ta gwanjo daga Amurka mai ATSC, komai arharta. Amfanin wannan na'ura shi ne tana ajiye shirin yadda tasha ta turo shi, hoto bai raguwa, kwamfuta ba ta wahala. Sai dai ba ta buɗe tashoshin kuɗi irin na GOtv.

Mai dikoda kuwa katin HDMI zai saya, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Ƙananan nan masu arha da yawa an rubuta musu 4K da USB 3.0, har bakinsu shuɗi ne, alhali cikinsu USB 2.0 ne mai gudun megabit 480 a daƙiƙa. Hoton 1080 mai firam 60, wato hotuna 60 a daƙiƙa, da ba a matse ba yana cin kusan gigabit 2, don haka dole katin ya matse shi, ya tsaya a firam 30. Wa'azi ko labarai za su fito lafiya. Ƙwallo ce ke tona asirinsa. Tafi shago da laftof ɗinka da manhajar naɗar bidiyo ta OBS Studio, kyauta ce, ka jona katin a gaban mai kaya. In ya ba ka YUY2, wato hoton da ba a matse ba, a 1080 da firam 50 ko 60, na gaske ne. In MJPEG, wato matsattsen hoto, kaɗai ka gani, ka san abin da kake biya. Ka saurari sautin ma da abin kunne, wasu ba sa raba dama da hagu.

Idan allo ya yi baƙi ƙirin bayan ka jona komai daidai, galibi kariyar hana kwafi ce mai suna HDCP da dikodojin kuɗi ke ɗora wa HDMI. In dikodar tana da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, sai ka bi ta nan da katin RCA, hoton zai sauka zuwa layi 576. Irin katin ne kuma ake kwashe tsofaffin kaset na biki da suna da shi. Zaɓi PAL, tsarin hoton Ghana, a saiti, in ka bar shi a NTSC na Amurka launi zai ɓace ko hoto ya riƙa rawa.

A OBS sa firam 25 ko 50, su suka dace da talabijin ɗinmu. Megabit 8 a daƙiƙa yana cin kusan gigabayit 3.6 a awa ɗaya, kuma filashi mai FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4, saboda haka mayar da shi NTFS ko exFAT. Naɗa da tsarin fayil na MKV: in dumsor, wato ɗauke wuta, ya kashe kwamfuta ana tsakiyar shiri, abin da aka ɗauka yana nan, MP4 na yau da kullum kuwa gaba ɗaya yake lalacewa.