Yadda Ake Fesa Garin Fenti a Kan Koton Dalma na Kamun Kifi

Yawancin masu fita fatsa daga birnin Kano zuwa madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa da tana suke kamu, ko kuma da ƙananan kifaye, kuma hakan ya wadatar idan tarwaɗa ko karfasa ake nema. Amma kifayen da ke farautar 'yan'uwansu, irin su giwan ruwa da tsage, abin da ke motsi yana ƙyalli a cikin ruwa shi ya fi ɗaukar hankalinsu. Saboda su ne ake haɗa koton dalma, wato ƙugiyar da aka zuba wa narkakkiyar dalma a ka, aka ɗaura mata gashin tsuntsu ko jelar roba. Wanda ake shigowa da shi daga waje yana da tsada, ga shi kuma koto abu ne da ke maƙalewa a dutse ko kututture ya tafi ke nan, don haka wanda ya iya zuba nasa a gida ya rage wa kansa asara. Matsalar da ta rage ita ce launi, domin fentin mai da aka shafa da buroshi ba ya jimawa a jikin dalma. Da zarar ya bugi dutse sau biyu ko uku sai ya fara ɓarewa.

Garin fenti busasshen gari ne wanda babu mai ko ruwa a cikinsa, irin wanda ake yi wa firam ɗin tagogin alminiyam da wasu kujerun ƙarfe. Ba ya bushewa da iska kamar sauran fenti. Zafi ne ke narkar da shi ya malale a jikin ƙarfe, sannan gasawa a cikin obin, wato tanda, ta ƙarfafa shi ya zama ɓawo mai tauri. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin aikin: abin fesawa yana kai garin ne kawai, amma zafin dalmar ne ke kama shi. Ana iya tsoma koton mai zafi kai tsaye a cikin garin, kuma idan launi ɗaya ake so wannan ya fi sauƙi. Amfanin fesawa shi ne a samu ciki fari da baya mai duhu, launukan biyu suna shiga juna a hankali yadda suke a jikin ɗan kifi na gaske, sannan fentin ya fita siriri bai cushe zanen ɓawon da ke jikin koton ba.

Ƙaramar bindigar fesa fentin ruwa, irin ta masu zane, ba ta dace da wannan aiki ba, saboda bakinta ya yi ƙanƙanta kuma garin zai toshe shi nan take. Wadda ake buƙata ita ce mai faɗin baki da 'yar kwalba a ƙasa, wadda iska ke zuƙo garin daga ciki. Za a haɗa ta da kwamfiresa mai makunnin rage iska, a sauke ƙarfin iskar ƙasa sosai, tsakanin 5 zuwa 10 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi. Iskar da mai faci ke bai wa tayar mota ta haura psi 30, kuma da irin wannan ƙarfi garin zai tashi ne ya cika ɗaki, dalmar kuma ta huce kafin komai ya kama. Sauran kayan su ne filaya mai dogon baki, da abin dumama ƙarfe na lantarki ko wutar gas mai shuɗin harshe, da ƙaramin obin, da ma'aunin zafi, da babban kwali da za a riƙa fesawa a cikinsa. A guji risho da kyandir, domin baƙin hayaƙinsu yana hana fenti kamawa.

Kafin a kunna wuta, wajibi ne a tuna cewa dalma guba ce. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara, ya isa gargaɗi ga duk mai shigo da ita cikin gida. A yi aikin a wuri mai iska, nesa da madafa da wurin wasan yara, a sa takunkumi saboda ƙurar fentin, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Obin ɗin da aka gasa koto a cikinsa ya bar aikin abinci ke nan har abada. Haka kuma kada a bari ko ɗigon ruwa ya faɗa cikin narkakkiyar dalma lokacin zubi, domin tartsatsi take yi.

Bayan an ciro koton daga mazubi, sai a goge tabon zubin da magagari ko samfefa, a share shi da tina don cire maiƙon hannu, daga nan kuma da filaya kaɗai za a riƙa kama shi. Shi ma garin yana buƙatar shiri. A lokacin damina yana shan danshi ya dunƙule, don haka a tankaɗe shi da rariyar da aka keɓe masa, a zuba rabin kwalba kawai, a girgiza har ya saki. A lokacin hunturu kuwa garin ba ya ba da wahala, sai dai ƙurar da ke sauka a kan fenti mai ɗumi ta bar masa ƙuraje, shi ya sa ake rufe kwalin tsakanin koto da koto.

Dumamawa ita ce inda gwaninta take. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Selsiyos, fentin kuma yana son jikinta ya kai wajen digiri 175 zuwa 200, wato akwai tazara, amma ƙaramin koto yana ƙetare ta cikin 'yan daƙiƙoƙi idan aka tsayar da shi wuri ɗaya a kan harshen wuta. A kama ƙugiyar da filaya ta wajen idon da ake ɗaura zare, yadda bakin filayar zai rufe idon, a riƙa juya koton a kan zafin ana ƙirgawa. Mai nauyin giram 7 ba ya ɗaukar lokacin da mai giram 28 zai ɗauka, saboda haka kowane girma a nemo masa ƙirgensa da koton gwaji, a rubuta a ajiye. Idan garin ya sauka ya tsaya dishi-dishi kamar yashi, zafin bai kai ba, sai a mayar da shi kan wuta kaɗan. Idan ya yi hayaƙi ko ƙwai-ƙwai, zafin ya wuce. Daidai shi ne garin ya sauka, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya narke ya ɗauki sheƙi.

Da farin launi ake farawa a duk jikin koton, domin launuka masu haske kamar ruwan ɗorawa da ruwan goro suna dusashewa idan suka hau kan tokar dalma kai tsaye. A fara sakin iskar a gefe har garin ya riƙa fita bai-ɗaya, sannan a ratsa koton ta cikinsa daga nisan kamar taƙi ɗaya. Bayan farin ya narke, a sake dumamawa kaɗan, a karkata koton, a fesa kore ko shuɗi ko baƙi a gadon bayansa kaɗai. Abin da ya fantsama gefe shi ne ke samar da shigar launi cikin launi. A ganina shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Dangane da zaɓin launi, idan ruwan dam ya yi ja da laka bayan saukar damina, masu haske sun fi fitowa, idan kuma ya kwanta ya yi garau, fari ko ruwan azurfa mai duhun baya ya fi kama da abincin da kifin ya saba gani.

A duba idon ƙugiyar kafin gashi, a huda duk fentin da ya shiga da tsinken ƙarfe mai zafi, domin bayan gashi sai an yi da gaske kafin ya fita, kuma kaifin da zai bari yana iya yanke zare. Daga nan a rataye kotunan a kan waya a cikin obin ba tare da sun taɓa juna ba, a gasa su a digiri 175 na tsawon minti 15 zuwa 20, sai dai idan mai garin ya rubuta wani adadi a jikin mazubinsa. Kada a dogara da lambar da ke jikin makunnin obin, a sa ma'aunin zafi a ciki, kuma a fara gashin ne lokacin da aka tabbatar wutar lantarki ko janareto za su kai ƙarshensa. Idan aka ga fenti ya taru ya yi ɗigo a ƙasan koton, an cika shi da yawa ne, sai a rage a zagaye na gaba. Bayan sun huce da kansu, a jefa ɗaya a kan daɓen siminti: wanda ya gasu, dalmar za ta lotsa amma fentin ba zai tsage ba. Sai a manna idanu, a ɗaura gashin tsuntsu ko jelar roba, a rufe ƙullin zaren da ɗan gam.