Yadda za ka tace labarin tsawon manyan bishiyoyin fayin na da

Tsofaffin rubuce-rubucen Amurka cike suke da labarin farin fayin (white pine, wata doguwar bishiyar katako) na yankin New England a arewa maso gabashin ƙasar, wai har da mai tsawon ƙafa 250, wajen mita 76 ke nan, irin bishiyar ce da Turawan Ingila ke yi wa alama a da saboda turakun jiragen ruwan yaƙinsu. Kafin ka yarda ko ka ƙaryata ga yadda za ka bi.

Da farko ka tambaya wa ya auna? Safiyo ne ko kuwa ɗan katako ne ya faɗa wa ɗan jarida, wata jaridar ta kwafa, wata ma ta kwafa? Bi zancen baya har ka iske wanda ya fara rubutawa. In kuma lambar cif take kamar 250 ko 300, to galibi kirdado ne kawai.

Sai ka duba a kwance aka auna ta ko a tsaye. Wadda aka sare aka ja mata tef a ƙasa ta fi abin dogaro, duk da cewa kan bishiyar yakan farfashe in ta faɗi mai awo ya cike da nashi. A tsaye ne rigimar take, don tsohuwar hanya ita ce mutum ya auna nisa daga inda yake zuwa gindi sannan ya ɗau kusurwa zuwa sama, shi kuwa lissafin nan ya ɗauka kan bishiya yana daidai saman gindinta ne, to in ta karkato wajenka ko reshe ka hango ka zaci kai ne, shi ke nan ka ƙara mata mitoci ba tare da ka yi niyyar ƙarya ba. Shi ya sa yanzu ake amfani da na'urar leza mai auna nisa da haske ko a hau a sako tef.

Hoto kuwa manta da shi, kaurin gindi kawai yake nunawa.

Daga nan ka gwada da na yau. Farin fayin da ake kira Boogerman a tsaunukan Great Smoky na Amurka ta kai ƙafa 207 kafin guguwar Opal ta karya mata kai a 1995. Amma fa kar ka mai da wannan iyaka, 'yan katako manyan suka fara sarewa tun tuni, saura ne muke aunawa. Ni dai ƙafa 220 ba ta ba ni mamaki, 250 kuwa sai na ga sunan safiyo da hanyar awonsa.