Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa matasa sana'a da kasuwanci, da yadda za a gyara su

Jama'a maganar nan ta daɗe tana cin raina. Ƙungiyoyin da ke yaƙi da talaucin matasa ta hanyar koyar da sana'a sun yi yawa yanzu, kuɗi kuma ana kashewa ba kaɗan ba, amma idan ka koma bayan shekara guda ka nemi yaran da aka yaye sai ka tarar da yawansu suna nan inda aka same su, satifiket na cikin akwati. Mafi yawan masu aikin nan mutanen kirki ne masu niyya mai kyau, matsalar a tsarin take.

Akwai wata ƙungiyar agaji a Landan mai suna Teach A Man To Fish, wani tsohon ma'aikacin banki Nik Kafka ne ya kafa ta a 2006 bayan ya yi aiki a ƙasar Faraguwai da ke Kudancin Amurka. Aikinsu shi ne su taimaka wa makarantu su buɗe kasuwanci na gaske wanda ɗalibai ne da kansu za su riƙe, kuma a 2011 suka fara gasar School Enterprise Challenge wadda shigarta kyauta ce, makarantu daga ƙasashe sama da 100 sun shiga. Tsarin nasu mai sauƙi ne, ɗalibai su nemo dabarar kasuwanci, su rubuta tsarinta, sannan su fara sayarwa su kawo rahoton abin da ya shiga da abin da ya fita. Da wannan nake auna sauran.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne koyar da kasuwanci a kan allo kawai. A tara yara a hol sati biyu, a kawo mai lacca da majigi ya yi ta bayanin menene jari menene riba, a ci abinci a ɗauki hoto a watse, yaron nan bai taɓa tsayawa gaban kwastoma an taya kayansa da farashin wulaƙanci ya yi haƙuri ya ce albarka ba, bai taɓa kwana da kayan da suka ƙi sayuwa ba, to me ya koya? Dubi makarantar noma ta San Francisco da ke Cerrito a Faraguwai, wadda gidauniyar Fundación Paraguaya ta Martín Burt ke gudanarwa. 'Ya'yan talakawan karkara ne ke karatu a can, suna raba lokacinsu tsakanin aji da gona, suna tatsar shanu suna yin cuku suna kiwon kaji suna kula da masaukin baƙi na makarantar, kuma su ne ke fita sayar da kayan. Zuwa 2007 kuɗin cinikin nan ya kai ga ɗaukar nauyin makarantar. Ba kowa ne zai iya kafa irin wannan ba, na sani, amma ko da tirenin ɗin na wata ɗaya ne a tabbatar tun sati na biyu kowane yaro ya sayar da wani abu ga wanda ba ɗan gidansu ba, ya karɓi kuɗi da hannunsa.

Daga nan sai zaɓar sana'a tun daga ofis ba a tambayi kasuwa ba. Sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta, ɗinki, kullum su ke nan. A koya wa mata hamsin na unguwa ɗaya haɗa sabulu iri ɗaya a rana ɗaya, wa zai saya a wurin wa? Gyaran shi ne kafin a sayi ko cokali, a tura yaran su zaga unguwa da biro da takarda, su tambayi mutane me suke zuwa nesa su saya, nawa suke biya, me ke ba su haushi game da wanda suke saya yanzu, su ƙirga masu wannan sana'ar a layin. Wata unguwar mai gyaran sola take nema, wata mai gyaran waya, wata kuma abincin kaji ne sai an hau mota kafin a samo. Kuma a fara da abin da ke hannu, in makaranta na da fili da rijiya to lambu ya fi kusa da ita a kan injin da sai an jira mai tallafi.

Yanzu lissafi, nan zan daɗe don nan ne ake cinye jari ba a sani ba. Ɗauki misali ɗalibai sun haɗa naira 10,000 za su yi zoɓo. Sun sayi zoɓon da sukari da citta da kanumfari da gorunan roba da ƙanƙara, sun biya kuɗin mota, duk kuɗin ya tafi, suka sami gora 60 suka sa 200 kowace. In duk sun sayu 12,000 ke nan, riba 2,000. To amma gora uku sun yi tsami saboda ba wuta, malamai biyu sun ɗauki biyu biyu sun ce sai ƙarshen wata, ɗaya kuma an ba mai gadi kyauta, gora takwas sun fita ke nan wato 1,600, ribar da ke hannu ta dawo 400, kuma ba a sa ladan wahalar wanda ya tashi da asuba ya dafa ba. Yaran da ba sa rubutu za su ga dubu goma da ɗoriya a leda su ce yau an yi ciniki, kowa ya cire na alawa, gobe kuɗin saro ba ya cika. Littafi ɗaya na rubutu ya isa ya hana wannan, shafi ɗaya abin da ya shiga, ɗaya abin da ya fita, ɗaya na masu bashi da suna da rana, a rufe lissafi kullum kafin a tashi, kuɗin sana'a kuma kar ya kwana aljihu ɗaya da kuɗin cefane. Bashin malamai da 'yan uwa shi ya fi wahalar karɓa, gara a kafa doka tun ranar farko cewa ba bashi, kowa ya ji.

Sai dai lissafi kaɗai ma bai isa ba. An yi wani bincike a Lome babban birnin Togo da ƙananan 'yan kasuwa kusan 1,500, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2017. Wasu aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba, wasu aka koya musu halin tashi ka nema, wato ka fara abu ba sai an ce ka yi ba, ka hango matsala kafin ta zo, in ka faɗi ka duba dalili ka sake. Bayan shekara biyu ribar waɗanda aka koya wa halin ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, ta masu darasin da aka saba kuwa kashi 11. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne a bar yaran su yi kuskure su gyara da kansu, kuma wannan ya kawo mu ga malamin da ke karɓe komai. Yana son makarantarsa ta ci gasa, sai ya rubuta tsarin da kansa, ya riƙe kuɗin, ya yanke farashi, yara su zama 'yan aike kawai. Malam don Allah ja baya kaɗan, a zaɓi manaja da ma'aji da mai talla a cikin ɗalibai, a riƙa juya muƙaman, kuɗi kuma kar ya fita sai da sa hannun mutum biyu, sannan a yanke tun farko nawa za a mayar cikin jari nawa za a yi wa makaranta aiki da shi don kar rigima ta tashi ranar da riba ta zo.

Ranar yaye ɗalibai ma akwai gyara. A raba keken ɗinki da injin markaɗe a gaban manyan baƙi, shi ke nan ba wanda zai sake leƙo yaran. Yarinyar da aka ba keke ba yadi ba zare ba wanda zai kawo mata ɗinki, a gida kuma ana rashin lafiya, wallahi kada ka ga laifinta in ta sayar. Jari yana da amfani sosai, a arewacin Yuganda a 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa tallafin da ya kai kusan dala 380 kowane mutum don su koyi sana'a su sayi kayan aiki, bayan shekara huɗu abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a ba ba da kusan kashi 38 cikin 100. Amma da masu binciken suka koma bayan shekara tara sai suka ga sauran sun kusa kamo su. Don haka tallafi yana sa a tashi da wuri ne, ba ya maye gurbin bibiya. A rage kuɗin bikin a sa shi a ziyarar wata wata, a ƙirga nasara da yaran da har yanzu suke samun kuɗi bayan shekara, ba da yawan waɗanda suka sa hannu a rajista ba.

Kuma ba kowane matashi ne zai zama mai shago ba, wani hannunsa na da kyau amma ɗaukar kasadar jari ba nasa ba ne, shi abin da zai fi masa shi ne ya iya aikin sosai, ya iya zuwa a kan lokaci, ya iya magana da mutane, a ɗauke shi aiki. Mu nan ma muna da tsarin ubangida da yaronsa tun kaka da kakanni, a Kantin Kwari da garejin kanikawa da wajen masu walda, shirin Mafita da Birtaniya ta ɗauki nauyi a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ma ta hannun irin waɗannan ƙwararrun masu sana'a ya bi wajen koya wa matasa har da almajirai. Abin lura dai a zaɓi ubangidan da zai koyar da gaske, a rubuta yarjejeniya, a riƙa zuwa dubawa kar yaro ya shekara yana sayo abinci da shara.

'Yan mata kuma in ana son su zauna har ƙarshe sai an je an gaida iyaye ko maigida an yi musu bayani, wurin ya zama kusa, a tashi kafin magariba, mai goyo a bar ta ta zo da ɗanta.

Ku kuma ƙannena matasa, ku daina shiga tirenin don kuɗin mota kawai, yau kana ajin kwamfuta gobe kana ajin kiwon kifi ba wanda ka iya, zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Sannan ku yi hankali da masu karɓar kuɗin fom a gurup ɗin WhatsApp. Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba da jarin dala 5,000 tun 2015 ba ta karɓar ko sisi, a shafinta na TEFConnect ake cikawa kyauta, haka ma School Enterprise Challenge malami ne ke yi wa makaranta rajista a intanet ba tare da biyan komai ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sa sunanka, kar ka tura, kuma kar ka ba shi lambar BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka a waya.